Nauyin Taurarin Mai Dalma

Kwana biyu da binne Mai Dalma, ina zaune a tsakar gidansa cikin masu gaisuwa, matar mai shagon bakin layi ta matso har gwiwarta na gugar tawa.

"Malama, kin ji abin da ake cewa? Wai zinarin marigayiya matarsa yana cikin taurarin nan. Awarwaro, sarƙa, 'yan kunne, duk ya narkar ya zuba a ciki."

"Wa ya gani?"

"Ai kowa ya sani."

"Na tambaye ki wa ya gani."

Ta janye gwiwarta, ta gyara mayafi. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a sakandare, kuma duk abin da aka ce mini kowa ya sani, shi nake fara dubawa. Amma wannan karon maganar ta riga ni isa inda za ta yi ɓarna. Babban ɗan mamacin, direban tirela da bai fi sau biyu yake leƙo gidan a shekara ba, ya fito daga rumfar aikin ubansa riƙe da almakashin yankan kwano. Ƙanwarsa Auta, wadda ta yi jinyar tsohon, tana biye da shi tana jan rigarsa.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

"Gobe da safe zan ɗau hanya. Kafin rana ta faɗi sai na ga cikin kowanne."

"Na gaya maka an sayar da zinarin nan tun Inna tana asibiti!"

"Ke kika gaya mini. Ni ban gani ba."

Rumfar tana jikin katangar da ta raba gidana da nasu. A rufinta taurari arba'in da shida ne rataye da waya, bibbiyu. Ba irin taurarin da yara ke zanawa a takarda ba ne. Siffofi ne masu jiki, kowanne ya kai girman bokiti, tsinaye ta ko'ina, fuskokinsu suna ratsa juna maimakon su tsaya a gefe kamar bangon akwati. Masana sun ƙirga irinsu, waɗanda kowane tsini yake daidai da ɗan'uwansa, suka samu hamsin da bakwai. Kowanne kuma yana da takwara: inda wannan ke da tsini, wancan na da fuska, inda wannan ke da fuska, wancan na da tsini. Mai Dalma ya yi ashirin da uku da takwarorinsu, kafin ƙirjinsa ya hana shi riƙe guduma.

Ba zan yi ƙarya don ya mutu ba: ban taɓa son mutumin nan ba, shi ma bai so ni ba. Sana'arsa bokitai, mazurari, akwatunan kwano da indararo. Shekara da shekaru gudumarsa ke shiga kaina yayin da nake duba takardun jarrabawa, hayaƙin dalmarsa na tsallako katanga yana kama mini shanya. Amma asalin gabarmu wani littafina ne na siffofin lissafi. Gara ta ci rabinsa, na jefar a bola, ya tsinta. Ba ya karanta Turanci, ajinsa huɗu a firamare. Hotuna kawai ya kalla. Bayan wata uku ya ɗago wani abu ta saman katanga, mai ƙahoni goma sha biyu, kowane ƙaho mai gefe biyar, an yi masa fenti kala shida.

"Malama, kin gane shi?"

Na gane shi sarai. Abin da ya ɓata mini rai ke nan. Ni da takardata ta jami'a ban taɓa ganinsa ba sai a shafi.

"Fuska nawa gare shi?" na tambaya, kamar yadda nake tambayar ɗan aji ɗaya.

"Sha biyu."

Amsar daidai ce. Ido yana ganin alwatika sittin, amma gaskiyar siffar fuska goma sha biyu ce, kowacce tauraro mai yatsu biyar. Yatsun ne kawai a waje, tsakiyar kuma tana ɓoye ƙarƙashin ƙaho. Na san haka daga littafi, kuma na tabbata shi lambar kawai ya gani a ƙasan hoto.

"Haddace lamba ba sani ba ne," na ce. "Alwatika sittin ka liƙa, ciki fanko. Fata ka yi, ba siffa ba. Ko aku yana iya cewa sha biyu."

Ya sauke abin a hankali. "Ke kin karanta, ni na yanka."

"To fasa mu gani."

"Ba na fasa aikina don a yarda da ni."

Shekara ashirin da biyu ke nan. Da iyakar abin a katanga ya tsaya, da sauƙi. Amma wata shekara shugaban makarantarmu ya zo gaishe ni, ya hango taurarin, ya ce zai nemi a ɗauke su a rataye a ɗakin kimiyya, tsohon kuma ya riƙa zuwa yana nuna wa ɗalibai yadda ake yi. A gaban Mai Dalma na ce masa kayan kwalliya ne, irin na ƙofar shago, za su koya wa yara ƙirga abin da ba shi ba. Shugaban ya yi 'yar dariya, ya shiga motarsa. Auta tana tsaye a bakin ƙofa ranar, budurwa ce lokacin. Tun daga nan gaisuwarta gare ni ba ta wuce kalma biyu.

A watansa na ƙarshe gudumar ta yi shiru. Na ɗauka zan ji daɗi, sai na samu kaina ina kasa kunne. Tari ne kawai ke tsallako katanga, mai tsawo, irin wanda ke ƙarewa da shaƙewa. Ran nan da hantsi na ɗauki mayafi na shiga, don kada a ce maƙwabciya ba ta duba shi ba. Ya sa an kai masa katifa rumfar, yana kwance ƙarƙashin taurarinsa. Ya rame har agogonsa ya gangaro gwiwar hannu.

"Sannu da jiki."

"A'a, Malama da kanta. An zo duba jarrabawa ne?"

"Ka daɗe da faɗuwa, ba sai an duba ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Auta ta tallafe shi tana hararata. Da ya samu numfashi ya ɗaga yatsa sama, wajen na farkon nan mai ƙahoni goma sha biyu, wanda fentinsa ya fara dusashewa.

"Auta, sauko mata da wancan. Ki ɗaga shi kawai, Malama. Ban ce ki yaba ba."

"Hannuna na ciwo. Ban zo ɗaukar gwangwani ba."

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya juya fuskarsa bango. "Raka ta, Auta. Kada hayaƙinmu ya kama mata kaya."

Bayan kwana huɗu, da safe, Auta ta je ɗora ruwan shayi, ta dawo ta tarar ya tafi. Ina shara na ji kukanta.

To yanzu ga ɗansa da almakashi, ga mata sun bar gaisuwa sun zuba ido, har da masu leƙe daga soro. Na miƙe da sandata.

"Kai, ɗan nan. Ajiye wannan abin."

"Malama, da girmanki. Maganar gida ce."

"Na koyar da kai aji uku, ka kasa raba goma da huɗu. Ba sai an yanka abu ake sanin cikinsa ba. Ka ba ni rabin awa. In akwai zinari, ni zan fara gaya maka."

"In babu fa?"

"Sai ka bar wa ƙanwarka kayan ubanta, ka kama hanyarka."

Auta ta dube ni sama da ƙasa. "Yau kuma ke ce mai kare su?"

"Ba su nake karewa ba. Shirme ne ba na so."

Gaskiya na faɗa, a lokacin. Na tabbata fanko ne, kuma ina son layin nan gaba ɗaya ya gani a kan sikeli. Na aiki matar mai shago ta ɗauko nasu, mai nuna lamba, wanda suke auna sukari da shi. Ba ta taɓa yin sauri irin na ranar ba.

Rumfar na nan yadda ya bar ta. Teburin katako duk tabon ƙuna, ƙarfen narka dalma a kan bulo, gwangwanayen fenti shida a jere, kowanne da burushinsa a ɗaure da roba. A ƙarƙashin teburin na samu abin da nake nema. Mai Dalma ba ya zubar da komai: kowane tauraro yana da gwangwanin madara da aka zana hotonsa a jiki, ciki kuma ragowar yankan da suka yi saura. Na zaro alwatika ɗaya daga gwangwanin na farkon, na gwada a jikin ƙaho, ta zauna daidai.

"Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Wannan tauraron alwatika sittin ne irin wannan. In mun auna ɗaya, mun san nauyin sittin. In tauraron bai wuce haka ba, babu komai a cikinsa."

Na ɗora ta. Giram goma sha biyar.

"Sau sittin, ɗari tara. Dalma da fenti, ko ya yi almubazzaranci, a ba su sittin. Ɗari tara da sittin. Auta, sauko da shi."

Ta hau kujera ta kwance wayar. Takwaransa, mai lotsattsun fuskoki, ya rage shi kaɗai yana juyawa. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ina karɓa wuyan hannuna ya lanƙwashe. Tun kafin in ɗora shi na san akwai magana.

Sikeli ya nuna dubu ɗaya da ɗari uku da sittin.

Nan na yi wautar da malamin lissafi ne kawai zai yi. Shekara talatin da biyar ina tsaye gaban allo, in na ga lamba biyu sai na ɗebe ɗaya daga ɗaya da ƙarfi, don na bayan aji su ji. Bakina ya riga hankalina.

"Saura ɗari huɗu."

"Ɗari huɗu!" Direba ya buga tebur. "Kun ji da kunnenku! Malama ce ta faɗa, ba ni ba. Kusan rabin kilo a guda ɗaya!"

"La ilaha illallahu," in ji matar mai shago. "A guda ɗaya! Ga arba'in da biyar can a sama!"

Tsakar gidan ya kaure. Wata ta ce dama ta lura tsohon ba ya barin kowa ya taɓa su. Wata ta ce shi ya sa ya ƙi kwana a ɗaki. Direba ya ɗauki tauraron ya girgiza a kunnensa, bai ji komai ba, ya ce ai narkarwa aka yi aka shafe a jikin kwanon, tsohon ba wawa ba ne.

Auta ta matso har ina jin numfashinta. "Kin ji daɗi? Yana raye kin hana shi makaranta, ya mutu kin miƙa wa Yaya wuƙa. Me Baba ya yi miki ne, Malama? Me ya ci naki?"

Ni kuwa idona na kan bango. Akwai ƙusoshi a jere, kowace da samfuran da yake ɗorawa a kan kwano ya zana kafin ya yanka, ƙusa ɗaya ga kowane tauraro. A ƙusar farko samfura biyu ne. Ɗaya alwatikar da na auna. Ɗayan fale-falen kwano mai gefe biyar, gefensa daidai da gindin alwatikar. Na dubi tauraron da ke hannun Direba, na bi shi da ido ta kowane ɓangare. Babu inda mai gefe biyar ya fito a jikinsa. Bakin samfurin kuwa ya sha ƙusar zane har ya yi santsi.

Na sake jawo gwangwanin madarar, na zazzage shi a kan tebur. A can ƙasa akwai guda biyu masu gefe biyar, yankakku.

"Ku yi mini shiru."

Ba wanda ya yi. Na buga sandata a kan akwatin kwano, kamar yadda nake buga tebur a aji, sai aka yi tsit. Na ɗora ɗaya a sikeli. Talatin da uku.

Wannan karon a zuci na yi lissafin, kuma sau biyu na yi, ina neman inda zan samu kuskure. Talatin da uku sau goma sha biyu, ɗari uku da casa'in da shida.

"Ba zinari ba ne," na ce. "Kwano ne. Ƙarƙashin kowane ƙaho akwai irin wannan. Tsakiyar fuskar ce. Ƙaho sha biyu, tsakiya sha biyu, ga ɗari huɗunku nan. Ya yi fuskokin cikakku, har inda ba a gani."

Direba ya yi dariya. "Wane mahaukaci ne zai ɓata kwano a inda ba mai gani? Baba da ke tsintar ƙusa a titi?"

"Ubanka."

"Malama, ɗazu kika ce akwai, yanzu kin ce babu. Kuma tun ina saurayi nake jin ki ta katanga kina cewa fanko ne, fanko ne. Wanne za mu ɗauka?"

Duk matan suka juyo gare ni. Akwai waɗanda na koyar a cikinsu, akwai waɗanda na kora daga aji.

"Na yau. Na da kuskure ne."

"Ɗaga murya," in ji Auta. "Daga inda Baba yake ba ya ji."

"Na ce na yi kuskure."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da biyu."

Ta gyaɗa kai, amma fuskarta ba ta saki ba.

Na juya ga Direba. "Ka yi alkawari. In babu, za ka bar su."

"Na yi alkawari in babu. Lamba kika nuna mini, ni kuma ba a cika mini tanki da lamba." Ya danna tauraron a kan tebur da gwiwar hannu, ya soka bakin almakashin a gindin ƙaho. Auta ta kama hannunsa, ya ture ta har ta bugi kujera. Kwanon ya yi ƙara irin ta buɗe gwangwanin kifi. Ya zagaya gefe biyar, ya fizge ƙahon ya jefar.

Matan suka turo kai. A ƙarƙashin ƙahon shimfiɗaɗɗen kwano ne mai gefe biyar, liƙe da dalma ta kowane gefe.

"Murfi ne," in ji matar mai shago. "Yana ƙasa."

Ya huda shi, ya yaga, ya zura hannu har wuyan hannu, ya laluba. Ya zaro hannun da yanka a babban yatsa, ba komai a tafinsa. Ya kife tauraron ya bubbuga. Ko ƙura ba ta faɗo ba.

"To yana cikin ɗayan."

Ya fizgo takwaran daga waya. Wannan ya fi ba shi wahala, don duk inda ya yanka sai ya tarar da wani kwanon a gicciye, ya yanka wannan ya tarar da wani. Daga nan ya hau kujera ya zaɓi mafi girma, wani mai tsinaye sirara da tsohon ya shekara guda yana yi. Ina tuna shekarar, don ita ce shekarar da na fi zaginsa. Na ce wa Direba ya auna tukuna, in nuna masa lissafin wannan ma.

"Ki je gida, Malama. Kin yi aikinki."

Ya yanka shi, ya yanka takwaransa. Zufa ta jiƙa masa riga, jinin yatsansa ya ɓata fentin. Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce yara sun kusa tasowa daga makaranta. Matar mai shago ta ɗauki sikelinta ta goge da gefen zane, ta ce ita dama tun farko ba ta yarda da maganar ba.

A na huɗun ya tsaya. Ya dubi sauran arba'in da biyun da ke sama, ya dubi hannunsa, ya jefar da almakashin cikin akwati.

"Tsohon banza," ya ce. "Kwanon da zai yi bokiti ɗari." Ya fita yana tsotsar yatsa.

Auta ta durƙusa tana tsince guntayen, tana ware na kowane tauraro daban a kan tebur. Na ce mata shugaban makarantar yanzu ɗalibina ne, in ta yarda zan yi masa magana a kan sauran.

"Ba za ki yi wa kowa magana ba. Ko ɗaya ba zai bar rumfar nan ta hannunki ba."

"Na ji."

"In kin gama kallo, ƙofa a buɗe take."

Ban gama ba. Na ja kujera na zauna gaban na farkon, na juya ramin da aka yi masa wajen haske. Tsakiyar da Direba ya yaga ja ce, yatsu biyar ɗin da ke kewaye da ita a waje su ma ja. Na ɗaga bakin wani ƙahon da ya tsage, ta ƙarƙashinsa shuɗiya ce, yatsunta shuɗɗa. A jikin jan kwanon ana iya ganin layin ƙusar tsohon, siriri, ya taso daga yatsa ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ƙaho ya fita a ɗayan ba tare da ya karkace ba.

Babu zinari a cikin taurarin Mai Dalma. Fuskoki goma sha biyu ne, kowacce cikakkiya, kuma ya yi wa na cikin fenti kafin ya rufe.